Iyali a Matsayin Ɗakin Jinya: Larurorin Ƙwaƙwalwa da Ba a Gane Kansu da Neman Magani a Kasuwar Kure, Minna

Tsakure

Maƙalar ta dubi halin da iyali ke shiga idan wani nasu ya kamu da larurar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi irin wadda ba a saurin gane kanta: farfaɗiya, taɓin hankalin mai jego, da tabon da sanƙarau ko gubar dalma ke bari a jikin yaro. An ɗauki Kasuwar Kure ta Minna a matsayin wurin da neman maganin waɗannan larurori ke fitowa fili, aka auna shi da binciken da aka riga aka wallafa da kuma dokokin lafiya na ƙasa. Matsayar maƙalar ita ce, zargin da aka saba yi cewa jahilci ke hana iyalai zuwa asibiti bai da ƙarfin da ake ba shi. Abin da ke mayar da su kasuwa shi ne asibiti bai faɗa musu sunan ciwon ba, bai tabbatar musu da magani marar yankewa ba, bai kuma ba su mutumin da za su koma wa ba.

Gabatarwa

Kasuwar Kure ta ci sunan Injiniya Abdulƙadir Kure, gwamnan Jihar Neja daga 1999 zuwa 2007, kuma ita ce babbar kasuwar Minna, inda Bagwari da Banufe da Bahaushe da Bayarabe ke ciniki da Hausa. Kamar sauran manyan kasuwannin Arewa, ana sayar da lafiya iri-iri a cikinta da kewayenta. Ga kemis, ga shagon habbatus-sauda da man zaitun da zuma, ga mai sassaƙe da saiwoyi ya baje kolinsa a ƙasa, ga mota mai lasifika tana jero cututtukan da kwalba ɗaya ke kawarwa, tun daga basir har shafar aljanu. Duk wanda ya san irin wannan kasuwa ya san abin da ke faruwa idan mai farfaɗiya ya faɗi a tsakiyar layi. Mutane su yi masa zobe amma su ja da baya saboda tsoron yawunsa, wani ya nemi cusa masa cokali tsakanin haƙora, wani ya kawo albasa, wani ya fara tofi. A ilimin likitanci yawun ba ya ɗauke da cutar, cokalin karya haƙori yake yi, kuma abin da ake buƙata bai wuce a kawar da abin da zai ji masa rauni ba, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi a kan gefensa, a garzaya asibiti idan jijjigar ta haura minti biyar. Bayan ya farfaɗo taron ya watse, sai wata mace ta zo ta kama hannunsa su tafi gida. Ita da gidan da za ta kai shi su ne abin nazarin wannan maƙala.

Me ake nufi da ciwon da ba a gane ba

Rashin gane ciwo hawa biyu ne. Akwai wanda kimiyya kanta ba ta daɗe da fahimtarsa ba. Misali, sai a 2007 ne Josep Dalmau da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wani kumburin ƙwaƙwalwa da garkuwar jikin mutum ke haddasawa, wanda ke farawa da sambatu da gane-gane kafin jijjiga ta biyo baya. Kafin lokacin da yawa daga masu shi an ɗauke su mahaukata ne kawai. Akwai kuma wanda littattafan likitanci sun daɗe da saninsa, amma ba a gane shi a ɗakin duba marasa lafiya na ƙaramin asibiti. A Jihar Neja hawa na biyu ne ya fi cin mutane.

Dalilan da ke jikkata ƙwaƙwalwar yaro a wannan yanki sanannu ne. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau ƙwaƙwalwa yakan bar wasu yaran da suka tsira da farfaɗiya ko rashin riƙe karatu. Haka doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi a kan lokaci. Sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Arewacin Nijeriya a 1996, kuma a annobar 2017 Neja na cikin jihohin da abin ya fi shafa, tare da Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi; ana ƙirga waɗanda suka mutu, amma waɗanda suka tashi da kurumta ko jijjiga suna komawa hannun iyayensu ne kawai. A watan Mayun 2015 gwamnatin tarayya ta sanar da mutuwar yara 28 sakamakon gubar dalma daga haƙar zinariya a Ƙaramar Hukumar Rafi, a ƙauyuka irin su Shikira, shekara biyar bayan irin wannan masifa ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara. Ana iya rage dalma a jini da magani, amma ɓarnar da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta komawa, kuma yaran Shikira na wancan lokaci yanzu sun tasa. Akwai ma ciwon da Thomas Sydenham ya siffanta tun 1686, wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da ba a yi wa magani ba: bayan makonni ko watanni sai hannun yarinya ya fara fizga da kansa, cokali ya riƙa faɗuwa daga hannunta, rubutunta ya lalace, ta yi kuka ko dariya babu dalili. Uwar da ta ga haka ta ce iska ce ba ta yi wauta ba, domin babu abin da ke haɗa wannan da ciwon maƙogwaron da aka manta da shi. Amma yarinyar penisilin take buƙata na tsawon shekaru, don kada ciwon ya ci mata zuciya. A kan duk wannan sai a ɗora firgici: ɗaliban Kagara da aka sace a Fabrairun 2021, da yara fiye da 100 na Islamiyyar Tegina da suka yi kusan wata uku a daji a shekarar, da iyalan Shiroro da Munya da suka bar gonakinsu suka fake a garuruwa.

Zargin jahilci

Bayanin da ya fi yawo a bakin jami'ai shi ne mutanenmu sun yi imani da iskoki da sammu, shi ya sa ba sa zuwa asibiti, don haka maganin abin wayar da kai ne. Imanin yana nan, babu mai musu. Sai dai binciken da Kabir da Iliyasu da abokan aikinsu suka wallafa a 2004, wanda suka yi a kan manya 250 a ƙauyen Karfi na Jihar Kano, ya nuna wani abu da ba a cika ambata ba. Shaye-shaye ne mutanen suka fi ambata a matsayin sanadin taɓin hankali, sannan ƙaddara, sannan sihiri da aljanu. Da aka tambaye su inda suka fi so a kai marar lafiya, kashi 46 cikin 100 suka zaɓi asibiti, kashi 34 suka zaɓi addu'a da ruƙiyya. Ke nan a ƙauye, tun a wancan lokaci, asibiti ne a gaba. Tun kafin nan Murray Last, a nazarinsa na 1981 kan yankin Malumfashi, ya lura cewa masu neman magani ba su cika damuwa da tsayayyen bayanin musabbabin ciwo ba. Abin da ke aiki suke bi, su bar wannan mai magani su koma wancan. Tarihin shan inna ya tabbatar da haka. Sunan ciwon har yau yana ɗauke da sunan iska, amma iyaye sun miƙa 'ya'yansu an ɗiga musu rigakafi har aka ayyana Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020. Ba a jira sunan ya canza ba kafin a ci nasara. An dai kai maganin ƙofar gida, kyauta, ana komawa.

To me mai farfaɗiya ke tararwa idan ya zaɓi asibiti? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Daga asibitocin ƙwaƙwalwa takwas na tarayya da aka daɗe da sani, wato Aro a Abekuta, Yaba a Legas, Benin, Kalaba, Inugu, Kaduna, Maiduguri da Kware a Sakkwato, babu ko ɗaya a Neja. Idan aka ce wa mutumin Minna ya tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, an ce masa ne ya nemi kuɗin mota na mutum biyu ko uku, ya rufe shagonsa, ya bi hanyar da shi kansa direba ke addu'a kafin ya hau, sannan ya maimaita haka duk lokacin da aka ba shi ranar dawowa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya yake fita, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo.

A nan ne kasuwa ke shigowa, kuma a nan ne, a ganin wannan maƙala, ake samun kuskuren da ya fi kowane tsada. Maganin farfaɗiya irin su fenobabiton da kabamazefin ba sa aiki kamar maganin zazzaɓi da ake sha kwana uku a warke. Sai an sha kullum, shekara da shekaru, kuma yanke shi farat ɗaya na iya jawo jijjiga mai tsanani wadda ta fi ta farko haɗari. Amma dubi yadda ake sayensa a teburin kemis. Uwa ta miƙa tsohon kwalin magani ko takardar da ta ƙoƙe, mai shago ya ce, "Mama, na kwana nawa za a ba ki?" ta ce, "Ba ni na kwana biyar, ɗana, sai babansa ya samu." Ya yanka mata da almakashi ya ƙulle a leda. Yaron ya yi mako biyu lafiya, a ɗauka ya warke, ko kuɗin ya ƙare, a daina. Ciwon ya dawo da ƙarfi. Daga nan sai dattawan gida su yanke hukuncin da kowane Bahaushe ya taɓa ji: wannan ba ciwon asibiti ba ne. Hukunci ne da aka gina a kan abin da ido ya gani, domin an gwada maganin asibiti kuma a zahiri bai yi ba. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne maganin bai gaza ba, yanke shi aka yi. Bayanin minti goma daga bakin ma'aikaciyar jinya, da tabbacin cewa na wata mai zuwa yana nan, su ne tazarar da ke tsakanin wannan gida da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda ke cewa har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa babu faɗuwa idan aka gane ciwon aka bi magani yadda ya kamata. Hukumar ta ƙiyasta masu ciwon a duniya da kusan miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun maganin da ya dace.

Nauyin da ya rage yana faɗawa kan gida, kuma a cikin gida kan mace. Ita ke barin sana'arta don kada yaron ya faɗa wuta ko rijiya, ita ke kwana ido biyu. Ana cire shi daga makaranta. Ana ɓoye shi idan an zo neman auren yayarsa, domin masu binciken asali suna tambayar hauka da farfaɗiya. Mai jego da hankalinta ya gushe bayan haihuwa, abin da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin kowace haihuwa 1,000 kuma yana warkewa da magani, sau da yawa gidan iyayenta ake mayar da ita, wani lokaci da takardar saki. Idan marar lafiya ya fara duka ko fita yawo, sai mari ya shigo. Rahoton Human Rights Watch na Nuwamban 2019 ya nuna ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wurare da dama a Nijeriya, har da cibiyoyin gwamnati, kuma a Satumban shekarar 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna. Da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Wannan zalunci ne da ba shi da uzuri, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama, kuma rufe gidan mari ba tare da buɗe wata ƙofa ba mayar da sarƙar cikin ɗaki ne kawai.

Abin da aka riga aka gwada

Ba sai an je wata nahiya neman misali ba. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta: marar lafiya ya zo da wani nasa, su kama ɗaki a gidajen mutanen ƙauye, ya riƙa zuwa asibiti da rana. Lambo ya ɗauki ɗan'uwan nan a matsayin ɓangaren jinya. Tun 1991 manufar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sa wannan fanni cikin aikin asibitocin matakin farko, kuma jagorar mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 an rubuta ta ne don ma'aikacin da ba ƙwararre ba ya iya gane farfaɗiya da taɓin hankali da ciwon damuwa ya fara magani. A Binuwai, shirin da Cocin Methodist da ƙungiyar CBM da gwamnatin jihar suka fara a 2011 ya bi wannan hanya, kuma mafi yawan waɗanda suka zo masu farfaɗiya ne da masu taɓin hankali, wato ainihin mutanen da ake cewa ba za su zo ba. A 2020 mujallar Lancet ta wallafa gwajin Oye Gureje da abokan aikinsa a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan asibitin matakin farko suka riƙa ziyartar marasa lafiya a wurin masu maganin gargajiya da na addini suna ba da magani. Bayan wata shida waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi.

Doka ma ta samu. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 mai tushe a dokar Turawa ta 1916, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusu. Sai dai asibitocin matakin farko a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke, don haka dokar Abuja ba ta sa ƙwaya ɗaya a kantar magani a Ƙaramar Hukumar Bosso ko ta Chanchaga sai kasafin jiha ya ɗauke ta. Hanyoyin kuɗin suna nan: asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da dokar inshorar lafiya ta 2022 mai asusun marasa galihu, da shirin taimakekeniyar lafiya na jihar, NiCare. Abin da maƙalar ke kira a yi shi ne a sa 'yan magungunan nan kaɗan cikin abin da waɗannan asusu ke biya, a ba da na wata guda cif, a horar da ma'aikata da Hausa da Nufanci da Gwaranci, sannan a shigo da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu kemis da malaman ruƙiyya a matsayin masu nuna hanya zuwa asibiti.

Ƙorafe-ƙorafe

Likita zai ce zama da mai sassaƙe ko mai ruƙiyya ba shi lasisi ne. Akwai gaskiya a ciki, domin wasunsu suna dukan marar lafiya ko su turara masa hayaƙin da ke cutarwa, kuma lasisin mai kemis bai ba shi ikon sayar da maganin farfaɗiya ba, balle fenobabiton da 'yan shaye-shaye ke nema. Amma iyalai suna wurinsu tun kafin a tambayi ra'ayin likita. Abin da ake nema daga mai kemis shi ne ya daina yanka na kwana biyar ya tura uwar asibitin unguwa. Kuma ba zai yi hakan ba sai ya san in ta je za ta samu. Sharaɗin haɗin gwiwa da kowane mai magani shi ne babu mari, babu bulala, babu hana shan ƙwaya.

Malami kuma zai ce ana so a musanta aljanu. Ba a buƙatar wannan jayayya. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kasa farfaɗiya gida biyu a Zadul Ma'ad, ɗaya ya danganta ta ga ruhohi, ɗaya ga gurɓatar abubuwan da ke cikin jiki, ya bar ta biyun ga likitoci. Malamin da ya san wannan ba shi da hujjar cewa a ajiye magani, kuma tofi bai taɓa rage ƙarfin kabamazefin ba.

Mai tsara kasafi zai ce zazzaɓi da mutuwar mata wurin haihuwa sun fi gaggawa. Amsar tana cikin jerin musabbaban da aka kawo a sama: yaron da ke faɗuwa a yau, sau da yawa shi ne wanda aka ceto daga zazzaɓi ko doguwar naƙuda shekaru biyar da suka wuce. An biya kuɗin ceto shi aka bar sauran aikin.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ƙarshe, kuma daga masu kare haƙƙin mata da na marasa lafiya yake fitowa. Cewa iyali ne ɗakin jinya na iya zama dabarar da gwamnati za ta zame ta bar wa uwa aikin da ta saba yi kyauta, kuma wani lokaci iyalin ne ke tauye marar lafiya, su yanke masa hukunci ba tare da jin ta bakinsa ba. Wannan haɗari ne na gaske, shi ya sa ma'aunin tsarin dole ya zama abin da aka sauke wa mai jinya: an rage mata tafiya, an ɗauke mata kuɗin magani, an duba ita kanta ko damuwa ta kama ta, yaron ya koma aji, ita ta koma rumfarta. Baligi kuma a yi magana da shi kansa, shi kaɗai idan ya so, kamar yadda dokar 2023 ta ba shi haƙƙi. Ma'aikatu sun saba auna nasara da yawan tarurrukan bita da aka yi. A nan adadin da ya kamata a riƙa kai wa kwamishina shi ne mutum nawa ne har yanzu ke kan magani bayan wata shida. Abin da zai nuna hakan littafi ɗaya ne a kan teburin ma'aikaciyar jinya, mai gida huɗu: sunan marar lafiya, sunan mai jinyarsa da lambar wayarta, maganin da aka bayar, da ranar dawowa. Idan ranar ta wuce da kwana biyu ba a gan su ba, a kira.